Daga Udoji Zuwa Naira 72,000: Tarihin Albashi a Kaduna

Yau kan tarihin albashin ma'aikatan gwamnati za mu tsaya. Kar wani ya ce ai shi ba ma'aikaci ba ne. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, cinikin kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha ya koma jiran ƙarshen wata. In alat bai shigo ba, mai kayan miya da ɗan Keke duk sai sun ji a jikinsu.

A 1972 Janar Gowon ya kafa kwamitin Jerome Udoji domin gyaran aikin gwamnati. Rahoton 1974 ya ƙunshi shawarwari masu yawa kan tsarin aiki, amma ƙarin albashi da ariyas ɗinsa kawai jama'a suka riƙe. Kuɗi ya cika gari, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi, a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100.

A 1981, zamanin Shagari, bayan yajin aikin NLC, aka yi dokar mafi ƙarancin albashi: naira 125. A 2000 aka kai 5,500, kuma wanda ya jagoranci NLC a lokacin, Adams Oshiomhole, a masaƙar Arewa da ke nan Kaduna ya fara gwagwarmaya. Sai 18,000 a 2011, sai 30,000 a 2019, wanda Kaduna ta riga sauran jihohi fara biya.

To ga inda gizo ke saƙa. Ba a yi shekara biyu ba gwamnatin El-Rufai ta ce albashi na cinye mafi yawan kason da jihar ke samu daga Abuja, ta sallami dubban ma'aikata. Ranar 17 ga Mayu 2021 NLC ta shiga yajin aiki, wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa ya tsaya. A shekarar ce kuma Garba Datti Muhammad, ɗan majalisar wakilai daga Sabon Gari, ya kawo ƙudurin barin kowace jiha ta tsayar da nata albashin. Ƙwadago suka yi masa ca.

Yanzu dokar 2024 ta ce 70,000, za a riƙa duba ta duk shekara uku, Kaduna kuma ta amince da 72,000.

Abin da na fahimta shi ne, shekara hamsin muna rigima kan adadin kuɗin, mun bar jerin sunayen masu karɓa a hannun gwamnati kaɗai. Ita ke faɗin yawan ma'aikata, ita ke faɗin waye na bogi. Tantancewa na kama ɓarayi, gaskiya ne, amma duk malamin firamaren da aka cire sunansa bisa kuskure, bashin mai shago ne zai riƙe gidansa.

Shi ya sa nake ganin mu matsa wa majalisar dokokin jiha ta yi doka: a riƙa wallafa yawan ma'aikata da jimillar albashin kowace ma'aikata duk wata, kuma kar a tsayar da albashin kowa sai an ba shi takarda da damar kare kansa.

Ku tambayi ɗan majalisar mazaɓarku matsayinsa kan wannan, ku rubuto mana amsar da ya ba ku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.