Akaja: Tarihin Gonar Kifi a Tafkunan Bakin Teku na Jamhuriyar Benin

Jamhuriyar Benin tana maƙwabtaka da Nijeriya daga yamma, da kuma Nijar daga kudu. A da sunanta Dahomey. Ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1960, aka kuma sauya mata suna a 1975. Bakin tekunta ba shi da tsawo, amma a bayan rairayin gaɓar akwai tafkuna da fadamu waɗanda dubban iyalai suke ci daga cikinsu. Masuntan wurin suna da wata dabara ta kamun kifi da ake kira akaja. Wannan takarda ta bi tarihin akaja ne: yadda ake yin ta, abin da masu bincike suka gano game da ita, da kuma dalilin da ya sa dabarar da masana suka yaba ta zama abin rigima har doka ta hana ta.

Ruwan da ba kogi ba, ba teku ba

Mafi girma a cikin tafkunan shi ne Nokoué, wanda yake arewa da birnin Kwatano. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 150 a lokacin rani, amma ba shi da zurfi, don a wurare da yawa mutum yana iya tsayawa ruwa bai shanye kansa ba. Koguna biyu ne suke zuba a cikinsa daga arewa, wato Ouémé da Sô. Daga kudu kuma akwai mashigi wanda ya ratsa Kwatano ya haɗa tafkin da teku.

Saboda haka ruwan tafkin yana sauya hali sau biyu a shekara. Idan kogin Ouémé ya kawo ambaliya, wajen watan Satumba da Oktoba, sai ruwan daɗi ya kore gishiri. Idan rani ya yi, koguna suka ja baya, sai ruwan teku ya shigo, tafkin ya yi zartsi. Ba kowane kifi ne yake jure wannan sauyi ba. Wanda ya fi jurewa shi ne wani irin karfasa mai baƙin haɓa, wanda masana suke kira Sarotherodon melanotheron. Yana rayuwa a ruwan daɗi da na gishiri, kuma namijin ne yake ɗauke ƙwai a cikin bakinsa har su ƙyanƙyashe. Akwai kuma wani kifi mai ƙaya, marar ɓawo, dangin kurungu, mai suna Chrysichthys. Ban da su, jatan lande da ƙaguwa da wasu kifayen teku suna shigowa tafkin suna ƙanana, su yi girma, sa'an nan su koma teku.

Mutanen da suka fi daɗewa a kan wannan ruwa su ne Tofinu. Kakanninsu sun gudo cikin tafkin ne a zamanin cinikin bayi, don tsira daga mayaƙan masarautar Dahomey. Suka kafa gidaje a kan dirkoki a tsakiyar ruwa. Garinsu da ya fi shahara shi ne Ganvié. Mutumin Ganvié ba shi da gona a tudu, don haka ya yi gonarsa a cikin ruwa.

Yadda ake yin akaja

Masunci yakan zaɓi wuri marar zurfi mai taɓo a ƙasa. Sai ya sayo rassan itatuwa daga tudu, ya ɗauko su a kwalekwale. Yakan kafa masu ƙarfi a gefe su zama shinge, ya cika tsakiya da ƙananan rassa masu ganye. Akwai ƙaramar akaja mai zagaye wadda mutum ɗaya yake iya yi. Akwai kuma babba mai kusurwa huɗu, wadda ake kira ava, wadda takan kai hekta ɗaya ko fiye. Irin wannan sai mai hali, domin tana cin itace da kuɗi da ma'aikata masu yawa.

Bayan an kafa rassan sai a bar su. Ran da za a kwashe kifi, sai a kewaye akajar duka da taru, mutane su shiga ruwa suna tuge rassan suna jefawa waje, suna matso da tarun a hankali har kifin ya taru a wuri ɗaya. Mata ne suke sayen kifin a bakin akaja, su kai kasuwa ɗanye ko su yi banda. Da yake rassan suna ruɓewa, dole ne a riƙa ƙara sababbi kowace shekara.

Abin da masu bincike suka gano

Tun zamanin mulkin mallaka ma'aikatan gandun daji na Faransa suka lura da akaja. A 1958 wani daga cikinsu mai suna Buffe ya buga bayani a kanta a wata mujallar gandun daji. Amma binciken da ya fi tasiri shi ne na Robin Welcomme, wani Bature ɗan Ingila masanin kifi, wanda ya yi aiki a Dahomey a ƙarshen shekarun 1960, a ƙarƙashin hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Ya buga sakamakon aikinsa a 1972.

Tambayar da take gabansa mai sauƙin faɗa ce. Shin akaja tarko ce kawai, mai janyo kifin da yake yawo a tafki ya taru a hannun mutum ɗaya, ko kuwa tana ƙara yawan kifin da yake cikin tafkin? Idan tarko ce, to mai akaja yana ɗibar rabon sauran masunta ne. Idan tana ƙara kifi, to noma yake yi.

Welcomme ya auna abin da ake samu a akaja iri-iri, ya duba yawan rassan da aka kafa da tsawon lokacin da aka bar su a ruwa. Ya gano cewa amsar ta dogara ga haƙurin mai akaja. Wadda aka kwashe bayan ɗan gajeren lokaci tarko ce, domin kifin da aka samu daga waje ya shigo neman mafaka. Wadda aka bari ta yi watanni da yawa kuwa, kifi yana hayayyafa a cikinta yana girma. Dalili shi ne gansakuka da ƙananan halittu suna tsirowa a jikin rassan, su ne abincin karfasa. Rassan kuma suna kare ƙananan kifi daga tsuntsaye da manyan kifaye da kuma birgin masunta. Ya kuma nuna cewa idan rassan sun fi yawa, kifin ma yakan fi yawa. Akajar da aka kula da ita tana ba da tan da dama na kifi a kowace hekta a shekara, abin da buɗaɗɗen ruwa ba ya kusantar bayarwa, kuma ba a zuba wa kifin abinci ko kaɗan.

Wannan sakamako ya sa sunan akaja ya fita duniya. A shekarun 1980 masu bincike a Kwaddibuwa sun gwada wani sabon salo a tafkin Ébrié kusa da Abidjan, inda suka kafa gora a maimakon rassa suka kewaye ta da raga. Daga baya masana a jami'ar Abomey-Calavi ta Benin, irin su Philippe Lalèyè, suka ci gaba da nazarin kifayen tafkin da na kogin Ouémé.

Mashigi da tashar jiragen ruwa

Tun kafin a buga binciken, wani aiki da ba shi da alaƙa da su ya riga ya taɓa akaja. A 1885 Faransawa suka haƙa mashigin Kwatano don ruwan ambaliya ya sami hanyar fita teku. Shekaru da yawa bayan haka, igiyar ruwa takan kwaso rairayi daga yamma ta toshe bakin mashigin, sai ambaliya ta zo ta sake buɗe shi. Wannan toshewa ita ce take rage gishirin da yake shiga tafkin.

Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, sai katangunta suka tare rairayin, domin tashar tana yamma da mashigin. Bakin mashigi ya zauna a buɗe, gishiri ya ƙaru a tafkin. Tare da gishirin sai wata halitta ta teku ta shigo, mai kama da tsutsa, wadda take huda itace a cikin ruwa kamar yadda gara take yi a tudu. Rassan da a da suke daɗewa sai suka riƙa lalacewa da wuri. Kuɗin kafa akaja ya hau, kifin da ake samu ya ragu, masunta da yawa suka yi hasara. A ƙarshen shekarun 1970 aka gina madatsa a bakin mashigin don a daidaita shigar ruwan teku, amma tafkin bai koma yadda yake a da ba.

Rigimar tafkin Ahémé

A yammacin ƙasar akwai wani tafki mai suna Ahémé, wanda bai kai Nokoué girma ba. Kogin Couffo ne yake zuba a cikinsa. Masuntan wurin suna da tsohon tsari na kula da ruwa a ƙarƙashin wani basarake mai sarautar Zounon, tare da bokayen addinin gargajiya na Vodun. Akwai ranakun da ba a su, akwai kayan kamun da aka hana, akwai kuma wuraren da aka keɓe wa abin bauta, inda ba mai jefa taru. Waɗannan wurare su ne mafakar da kifi yake hayayyafa. A bisa wannan tsari ruwa na kowa ne.

A shekarun 1950 hukuma ta kawo akaja tafkin Ahémé don a ƙara yawan kifi. Kifi ya ƙaru, amma sai wata matsala ta ɓullo. Duk wanda ya kafa rassa a wuri, wurin ya zama nasa. Masu kuɗi suka kame wurare masu kyau, masu birgi da ƙananan taru suka ga filin sunsu yana ƙanƙancewa. Aka shiga zargin sata da ɓarna, har aka kai ga faɗa tsakanin ƙauyuka. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta sa aka tuge akajar tafkin aka hana ta. Duk da haka ta sake dawowa daga baya, domin ribarta tana da yawa, ikon sarakunan ruwa kuma ya riga ya yi rauni. Jean Pliya, marubuci kuma masanin labarin ƙasa ɗan Benin, ya rubuta littafi a kan su a kudu maso yammacin ƙasar, wanda aka buga a 1980.

Daga yabo zuwa hani

A tafkin Nokoué ma akaja ta yi ta yaɗuwa yayin da jama'a suke ƙaruwa, har ta rufe babban ɓangare na ruwan ta kuma matse hanyoyin jirage. Illolinta suka fito fili. Ana sare itatuwa masu yawa a tudu don a sami rassa. Rassan da suka ruɓe suna taruwa a ƙasa, suna tare laka, tafkin yana cikewa. A shekarar 2000 aka sa tafkunan Nokoué da Ahémé a cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A watan Agusta na 2014 Benin ta kafa dokar su da kiwon kifi, wadda ta lissafa akaja cikin hanyoyin kamun da aka haramta. Bayan haka hukuma ta yi aikin tuge akaja a wasu tafkuna. Masu birgi da yawa sun yi murna, masu akaja da ma'aikatansu kuwa suka ce an raba su da abincinsu.

Kammalawa

Abin da Welcomme ya gano a 1972 bai tashi ba: rassa a cikin ruwa suna ƙara kifi idan aka ba su lokaci. Sai dai bincikensa ya auna kifi ne da rassa da watanni. Wanda yake da ikon kafa rassan, da faɗin ruwan da ya kamata a bar wa marar hali, da dajin da za a saro itacen, waɗannan tambayoyi ne na mulki da rabo. A Nokoué injiniyoyin tashar jirage ne suka sauya gishirin ruwa ba tare da an tuna da masunta ba. A Ahémé an shigo da dabarar ba tare da an daidaita ta da dokar Zounon ba. Shi ya sa masu nazarin su na ƙananan masunta a yau suke haɗa awon ruwa da ƙirgar kifi da zama da mutanen ƙauye, don a san wa yake da wane wuri kafin a kawo sabuwar dabara ko a hana tsohuwa.