Bunsurun Shikago da kofin Cleveland: shekarar da hasashe ya sha ƙasa sau biyu

Duk wanda ya taɓa zama fada ana gardamar ƙwallo ya san halinmu: kowa malamin duba ne. "Wallahi wane ne zai ɗauki kofin bana, rubuta ka ajiye." Wasu ma yanzu ba su tsaya a fatar baki ba, har ƴan kuɗin cefane suke zubawa a cacar wasanni ta waya. To yau bari mu leƙa Amurka, mu koma 2016, mu ga yadda birnin Cleveland ya sha zuma ya sha maɗaci cikin wata biyar, a wasan basket, wato ƙwallon kwando, da kuma wasan besbol.

A fara fahimtar tsarin tukuna. A wasannin nan biyu ba a raba gardama da wasan ƙarshe guda ɗaya kamar a ƙwallon ƙafa. Ƙungiyoyi biyu na iya karawa har sau bakwai, wadda ta riga cin huɗu ita ke ɗaukar kofi. Kenan in aka ce ana 3 da 1, mai 3 saura masa taki ɗaya, mai 1 kuwa dole ya ci uku a jere.

A gasar NBA ta wannan shekara, ƙungiyar Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82, ta wuce tarihin 72 da Chicago Bulls ta Michael Jordan ta kafa a 1996. Ita ke riƙe da kofi, kuma Cleveland Cavaliers ɗin nan ta doke a 2015 ta ɗauka. Da suka sake haɗuwa a watan Yuni, Warriors ta kai 3 da 1. Kafin lokacin babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga nan a karawar ƙarshe ta NBA. Ga shi kuma rabon Cleveland da wani babban kofi tun 1964.

Sai abubuwa suka fara juyawa. An dakatar da Draymond Green na Warriors daga wasa na biyar saboda tarin laifuffuka. A daren LeBron James da Kyrie Irving kowannensu ya zuba maki 41. Wasa na shida LeBron ya sake zuba 41. Shi LeBron ɗin ɗan Akron ne, kusa da Cleveland, kuma a 2010 da ya tafi Miami har rigarsa masoya suka ƙona a titi, kafin ya dawo a 2014. Wasa na bakwai an yi shi ranar 19 ga Yuni a gidan Warriors, a nan wajenmu ƙarfe ɗaya na dare aka fara. Ana 89 da 89, Andre Iguodala ya tashi zai jefa ƙwallo a kwando, LeBron ya biyo shi daga baya ya maƙe ta da allo. Saura daƙiƙa 53 Kyrie ya jefa mai maki uku. Aka tashi 93 da 89. Shekara 52 na jira suka ƙare.

Yanzu sai besbol. Ga wanda bai san shi ba: ɗaya na jefa ƙaramar ƙwallo, ɗaya na bugunta da sanda ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu, in ya dawo inda ya tashi an ci maki ɗaya. Zagaye tara ake yi. A ƙarshen Oktoba ƙungiyar besbol ta Cleveland ta kai karawar ƙarshe, wadda suke kira World Series, ta haɗu da Chicago Cubs.

Ita Cubs rabonta da kofi tun 1908. Mutanen Shikago kuma suna da labarin da suke ɗora wa laifi. A 1945 wani mai mashaya, William Sianis, ya zo filin Wrigley da bunsurunsa, aka fitar da su, wai saboda wari. Aka ce ya yi wa ƙungiyar baki. Cubs ta sha kashi a hannun Detroit a wannan karon, kuma ta yi shekara 71 ba ta sake kai wa World Series ba. Duk faɗuwar da aka yi, sai a ce bunsuru ne.

Abin da ya karya bakin ba tsafi ba ne. A ƙarshen 2011 aka ɗauko Theo Epstein, mutumin da ya haɗa ƙungiyar Boston Red Sox da ta ci kofi a 2004 bayan shekara 86. Ya rushe ƙungiyar ya sake gini da matasa irin su Anthony Rizzo da Kris Bryant. A 2012 sun faɗi wasa 101 cikin 162, ana ta yi musu dariya. A 2016 sun ci 103, fiye da kowa.

Duk da haka Cleveland ta kai su 3 da 1. Garin da ya ga yadda 3 da 1 ke rushewa a watan Yuni, shi ne yanzu ke riƙe da ita. Cubs ta ci na biyar da na shida. Ranar 2 ga Nuwamba, a Cleveland, Cubs na gaba da 6 da 3 a zagaye na takwas, sai masu gida suka rama, Rajai Davis ya buga ƙwallon da ta mayar da wasa 6 da 6. Masu camfi suka ce ga bunsuru nan ya dawo. Bayan zagaye na tara aka yi ruwa, aka tsayar da wasa minti 17, Jason Heyward ya tara ƴan'uwansa a ɗaki ya yi musu magana. Da aka dawo Cubs ta ci biyu, Cleveland ta ci ɗaya, aka tashi 8 da 7. Shekara 108.

Ku duba da kyau. A basket, wanda ya bi lissafi ya zaɓi mai nasara 73, ya faɗi. A besbol, wanda ya bi camfi ya guji Cubs, shi ma ya faɗi. Wanda kuma ya jira aka kai 3 da 1 sannan ya ce an gama, sau biyu ya sha ƙasa. Lissafi na nuna ƙungiyar da ta fi ƙarfi cikin wata shida, amma bai san wa za a dakatar gobe ba, bai san yaushe hadari zai taso ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga 2019 zuwa 2025 ma, ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofin NBA: Toronto, Lakers, Milwaukee, Warriors, Denver, Boston da Oklahoma.

To ni ma ɗan fada ne, ba zan tashi ban yi nawa hasashen ba. Ƙungiyar besbol ta Cleveland, da ake kira Guardians tun 2022, ita Cubs ta bar wa gadon jira, don kofinta na ƙarshe kafin wannan karawa na 1948 ne. Ni dai ina ganin ba za ta kai shekara 108 ba, kafin 2056 za ta ɗauka. Ku rubuta ku ajiye. Amma ko dala ba zan sa a kai ba, kuma ƙanena da ke latsa waya tsakar dare, kai ma kada ka sa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.