Taswirar tafi-da-gidanka: mece ce, kuma me za ta amfana wa mai fili a Bauchi?

'Yan'uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal, da yawanmu ta waya muke sayen fuloti a gida. Ni ma haka na sayi nawa a bayan Tirwun, a Bauchi. Da na je da sallah, sai dillali ya nuna mini wani wuri, maƙwabci ya nuna mini wani, bishiyar da aka yi shaida da ita kuwa an sare ta. Abin da ya sa na bi diddigin wannan fasaha ke nan.

Mece ce ita?

Ita ce auna gari ana cikin tafiya. Ana ɗora na'urori a kan mota, babur ko jirgi marar matuƙi, su riƙa ɗaukar hoto da awo da kansu. Abu uku ne ke aiki tare.

Na farko GPS. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, aƙalla 24, suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa. Sai na'ura ta ji saƙon huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Wayar hannu kan yi kuskuren 'yan mitoci, amma na'urar safiyo da ke karɓar gyara daga tashar ƙasa kuskurenta santimita kaɗan ne.

Na biyu kyamara da lesa. Lesar tana harba haske ya bugi bango ya dawo, daga nan a san nisan komai.

Na uku ƙirƙirarriyar basira. Ita ce ke duba hotunan ta ce wannan rufin gida ne, wannan titi, wannan kwalbati, aikin da zai ɗauki mutum watanni.

Ina aka yi amfani da ita?

A 2017 motocin Google suka sa titunan Legas a Street View, kuma manhaja ce ke dusashe fuskoki da lambobin mota. A 2021 cibiyar binciken Google ta Accra ta fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na Afirka, waɗanda kwamfuta ta gano daga hotunan sama.

A Arewa kuwa, yaƙi da shan-inna ne ya fara kawo ta kusa da mu. Daga wajajen 2012 aka zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam a jihohi irin su Kano da Bauchi, aka ba masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga unguwar da suka shiga da wadda suka tsallake. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna ta daji.

A harkar fili, Bauchi na da hukumar BAGIS, kamar AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna. Jami'ar ATBU ma tana koyar da aikin safiyo.

Inda take gazawa

Na'ura tana ganin katanga, ba ta ganin mai ita. Ba ta san filin gado ba ne, ba ta san an sayar wa mutum biyu ba. A lungunan cikin gari irin na Jahun, inda mota ba ta shiga, sai an bi da ƙafa. Hoton sama kuma kan tsufa, ka ga fili fayau alhali an yi gini bara. Sannan a dokar filaye ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne, don haka taswira ba ta maye gurbin takardar mallaka.

Kafin ka tura kuɗi

Ka sa ɗan'uwanka ya tsaya a cikin filin ya turo maka wurin ta WhatsApp, ka duba a Google Maps. Wannan zai nuna maka unguwa ne kawai, ba iyaka ba. Iyaka sai safiyo mai rajista ya auna kusurwa huɗu, ya rubuta lambobinsu, a kafa siminti. Daga nan a kai lambobin hukumar filaye a bincika ko akwai sunan wani a kai. Mai unguwa da shaidu ma kada a bar su a baya.

Nawa filin, sai da na biya kuɗin awo bayan na riga na biya kuɗin fili. Kai ka fara da awon. Allah Ya tsare mana guminmu.