Ambaliya a New Bell: yadda ƙungiyoyin dambe da kokawa za su shirya

Mahaukaciyar guguwar teku irin ta Amurka ba ta isa Duwala, amma ambaliya kusan kowace damina sai ta zo. Birnin yana kwance ne a bakin kogin Wuri, ruwan sama kuwa ya fi milimita 3,500 a shekara, kuma ya fi tsanani a watannin Yuli da Agusta. A Agustan 2020 ruwa ya mamaye unguwanni da dama. A New Bell, inda Hausawa suke da yawa, cunkoson gidaje da toshewar magudanu na ƙara tsananta abin.

Ƙungiyar 'yan dambe ko kokawa na da abin da ake bukata a irin wannan rana: matasa majiya ƙarfi da suka san juna. Kafin damina, a tattara lambobin wayar kowa, a ɗaga kayan atisaye sama, a ƙulle takardun shaida cikin leda. In ruwa ya shigo, a fara fitar da tsofaffi da yara, a kira 'yan kwana-kwana ta 118.

Bayan ruwa ya janye, kada a koma fili sai an sauya yashi, domin ruwan ambaliya kan gauraya da na masai. Mai rauni a ƙafa ya dakata har ya warke.