Shekarar 2010: Da Wuta Ta Tashi A Rasha, Burodi Ya Yi Tsada A Afirka

Yau za mu waiwayi shekarar 2010, wadda da yawa cikinmu ke tunawa da yunwa da mutuwar bisashe. A daidai lokacin nan, can ƙasar Rasha mai sanyin ƙanƙara, zafi da hayaƙi ne ke kashe mutane.

Tun ƙarshen watan Yuni wata iska mai zafi ta kafe bisa yammacin Rasha, ta hana hadari shigowa har wajen wata biyu. Ran 29 ga Yuli zafi ya kai digiri 38,2 a Mosko, abin da ba a taɓa aunawa ba a birnin. Mutumin Tawa zai ce ai wannan ba komi ba ne, amma gidajen can don tare ɗumi aka gina su.

Sai gobarar daji ta kama. Kewayen Mosko akwai tsofaffin fadamu da aka tsane wa ruwa, ƙasarsu ruɓaɓɓen ciyayi ce da ta daɗe tana taruwa. Irin wannan ƙasa in ta kama, wutar ta ƙarƙashi take ci, ba harshe sai hayaƙi, kuma kashe ta aiki ne. A farkon Agusta hayaƙi ya rufe birnin, jiragen sama suka kasa tashi kan lokaci. Shugaban hukumar lafiyar Mosko ya ce mamata sun kai 700 a rana, kusan ninki biyu na yadda aka saba. An ƙiyasta mutum kusan 55.000 suka rasu a faɗin ƙasar, galibi tsofaffi da masu ciwon zuciya ko na numfashi.

Masana sun nuna cewa karkatar iskar sama da ta tsaida zafi a Rasha ta taimaka wajen juye ruwa a Pakistan, inda ambaliya ta shafi mutum wajen miliyan 20.

To ina ruwan Afirka? Gonakin Rasha sun ƙone da fari. Cimakar da aka girbe ta faɗo daga tan miliyan 97 a 2009 zuwa wajen miliyan 61. Gwamnati ta hana fitar da alkama daga 15 ga Agusta, farashi ya yi sama a kasuwannin duniya. Masar, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa sayen alkama, ta ji a jikinta. A Mozambik kuwa, da aka ƙara kuɗin burodi da kashi 30 cikin ɗari, tarzoma ta ɓarke a Maputo farkon Satumba, aka rasa rayuka.

Mu a nan Nijar namu ya riga ya same mu. Damanar 2009 ba ta yi kyau ba, rumbuna suka ƙare da wuri, ciyawa ta ɓace. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu, gwamnatin Salu Jibo ta fito fili ta amsa cewa akwai ƙarancin cimaka, ta nemi agaji, don abin ya shafi mutum wajen miliyan 7. Makiyaya sun yi ta karyar da shanu a kasuwa kamin su mutu a hannunsu. A watan Yuni zafi ya haura digiri 48 a Bilma. Da ruwa ya zo kuma, ya zo da yawa: a Agusta kogin Kwara ya yi cikar da aka daɗe ba a gani ba a Yamai, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa.

Darasin shi ne, shekarar da muke buƙatar sayen cimaka daga waje tana iya zama shekarar da masu saidawa suka rufe ƙofa don ciyar da nasu. Shi ya sa bankin cimaka na gari da ajiyar gwamnati suke da muhimmanci, kuma manomi ya yi tunani kamin ya saida hatsinsa duka da kaka. Rumbun da ke bayan gida ba ya jiran jirgin ruwa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu da fari da gobara. Amin.