Taswira da kare ƙasa a Masarautar Gumel

Taswira da kare ƙasa a Masarautar Gumel na nufin amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, da na'urorin auna wuri, da bayanan tsirrai da dabbobi, wajen yanke shawarar inda za a dasa itatuwa, da inda za a bar wa noma, da inda za a keɓe wa kiwo. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Yankin yana iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma yana cikin wuraren da kwararowar hamada ke yi wa barazana.

Yanayin ƙasa

Mafi yawan ƙasar yankin jigawa ce mai rairayi, wadda iska ke kwashe samanta da rani. Damina gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Ana noma gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da zoɓo. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana jawo garken shanu da raƙuma da awaki daga Nijar, saboda haka burtali da makiyaya da mashaya suna da muhimmanci daidai da gonaki.

Itatuwan gida da aka fi sani sun haɗa da gawo, aduwa, magarya, kuka, tsamiya, dakwara, bagaruwa, kalgo da sabara. Darbejiya kuwa baƙuwa ce, asalinta daga ƙasar Indiya, kuma ita aka fi dasawa a shingayen kare iska.

Kayan aiki

Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, kuma an buɗe taskar hotunansu kyauta a 2008. Wannan ne ya sa ake iya kwatanta yadda daji yake kafin farin shekarun 1980 da yadda yake a yau. Tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana nuna fili mai faɗin mita 10 a matsayin ɗigo guda. Daga irin hasken da ganye ke mayarwa sama ake lissafa yawan tsirrai a kowane fili. Najeriya ma tana da hukumar binciken sararin samaniya da aka kafa a 1999, wadda aka harba mata tauraron NigeriaSat-1 a 2003.

Hoto yana nuna inda ganye yake, amma sau da yawa ba ya bambance irin itacen. Don haka ake haɗa shi da ƙidayar da ma'aikatan gandun daji ke yi da ƙafa, da sanin manoma da makiyaya, da rumbunan bayanai irin su GBIF, wanda aka kafa a 2001 don tara bayanan inda aka ga kowane nau'in halitta. Gawo misali ne na amfanin wannan haɗi: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Wanda ya san haka zai nemi gawo a hoton rani, lokacin da gonaki suka bushe.

Shirye-shirye

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, kuma Najeriya ta kafa masa hukuma ta ƙasa a 2015. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A 2016 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da taswirar da ta nuna cewa kimanin hekta miliyan 166 na yankin katangar na buƙatar farfaɗowa. An yi aikin ne da manhajar Collect Earth, inda masu bincike ke duba dubban ƙananan filaye ɗaya bayan ɗaya a hotunan Google Earth. Shirin hukumar na yaƙi da kwararowar hamada ya yi aiki a jihohin Bauchi, Jigawa da Sakkwato, ciki har da garin Jeke a Sule Tankarkar.

A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700, da burin gyara hekta miliyan ɗaya a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Darasin Nijar

A tsallaken iyaka, manoman Maraɗi da Damagaram sun riƙa barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gonakinsu tun shekarun 1980. Da masana suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraro na bayan shekara 30, sai aka kiyasta cewa itatuwa sun dawo a kimanin hekta miliyan 5. Wannan ya nuna cewa kula da tohon gida na iya fin dashen sababbi sauƙin kuɗi, musamman a ƙasa mai rairayi irin ta Gumel.

Matsaloli

Filin da ya fito fayau a hoto yana iya zama saura, ko burtali, ko makiyaya. Idan aka zana shi a matsayin wanda babu mai shi, aka kewaye shi da shinge, makiyayi ya rasa hanya, kuma rikici da manomi ya biyo baya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, alhali yawancin gonakin karkara na gado ne, ba su da takarda. An ga nauyin wannan batu a Gagarawa a farkon mulkin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, lokacin da manoma suka yi ƙorafi kan ware kimanin hekta 12,000 don noman rake na wani kamfani.

Haka kuma, shingen darbejiya da gonar da ke da irin itace goma suna iya nuna kore iri ɗaya daga sama, alhali amfaninsu ga tsuntsaye da ƙudan zuma da dabbobin gida ya bambanta. Saboda haka masana ke ba da shawarar a zauna da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo a tantance taswira kafin a kafa dutsen iyaka.