Yadda Dogon Yaro Ya Zama Maganin Ƙwari

Daga Jangebe zuwa Bakura da Maradun, da wuya ka ga ƙofar gida ko bakin kasuwa babu dogon yaro, har yaro zai ɗauka tare da kuka da tsamiya ya taso. Alhali baƙo ne. Daga Indiya Turawan mulki suka kai shi Gana, ya shigo lardin Barno a 1928, sannan ya bazu har ƙasar Sakkwato. Don inuwa da itacen girki aka kawo shi.

Kafin zuwansa, da toka da barkono ake tsare wake daga ƙwaro. Da mutane suka lura ƙwari na gudun ɗacin bishiyar, sai ganyenta ma ya shiga rumbu.

A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai a Sudan ta bar dogon yaro kore shar. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka tsamo sinadarin da ke wannan aiki daga ƙwayar 'ya'yansa, azadirachtin. Ba ya kashewa nan take. Ƙwaro ya ɗanɗana sai ya daina ci, tsutsa ta kasa saɓa, ta mutu ba ta kai ga yin ƙwai ba.

Wannan jinkirin ne, a ganina, ya sa aka yi wa dogon yaro riƙon sakainar kashi. Bayan kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 noman rani ya bunƙasa, ƙwari suka samu abinci rani da damina, manomi kuwa so yake ya ga tsutsa ta zube kafin ya sauke famfon feshi. Sai gubar ƙwari ta fiya-fiya ta samu kasuwa, har cikin buhunan wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar wannan guba, kuma abin ciwon shi ne mu muka ci gaba da cinsa.

Haɗin dogon yaro bai fi ƙarfin kowa ba. A tsince 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa, a daka a turmi, a jiƙa ya kwana. A tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, domin rana na kashe ƙarfinsa, kuma sai an maimaita duk mako tun tsutsa tana ƙarama.